Tsibirin tsuntsaye da ke bayan garinmu



A gaɓar Dakar ta ƙasar Senegal akwai tsibiran Madeleine. Ba kowa ke zaune a kansu, kuma tun 1976 aka killace su saboda tsuntsayen teku. Mu a Jos ba mu da teku, amma muna da irin wannan wuri: dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. Can ruwa ne ya kewaye tsibiri, nan kuwa gonaki da gidaje ne suka kewaye daji.

Wasu daga cikinmu sun kai ziyara da sassafe, bayan mun nemi izini a cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 ƙarƙashin Jami'ar Jos. Dajin bai fi hekta 300 ba, amma an ƙirga nau'in tsuntsaye wajen 300 a cikinsa. Wasu ma baƙi ne, daga Turai suke zuwa idan sanyi ya kama can. Masu bincike kan kama su da raga, su auna su, su sa musu ɗan zobe a ƙafa, sannan su sake su.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wata 'yar jar tsuntsuwa mai zama cikin duwatsu, wadda sai a 1998 masana suka tantance ta. Akwai wata baƙar tsuntsuwa da ba ta yin sheƙa; a sheƙar jar take zuba ƙwai, har kukanta take kwaikwaya. Ranar da jar ta ƙare, baƙar ma ta tafi.

To, me ke tsare wannan daji? Haƙurin mutanen Laminga ne, da suke ganin itace a gabansu su bar shi. Mu kuma da ke cikin gari, mu ne masu sayen itace da gawayi, kuma 'ya'yanmu ne ke yawo da danƙo. Don haka muna roƙon 'yan uwa: mu riƙa tambayar daga ina gawayi ya fito, mu hana yara harbin tsuntsu don wasa. Wanda zai je kuma ya nemi izini, ya rage surutu, kada ya bar leda ko ɗaya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.

Sakatare