Tsohon Akawu Da Sabon Masinja

Akwai wani dattijo a unguwar Bosso cikin Minna wanda ya kama aikin akawu a 1976, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da garin hedkwata. Shekara 35 ya yi a ɗakin rajista yana karɓar wasiƙu, ya buga musu hatimi, ya shigar a littafi, sa'an nan masinja ya kai kowace teburin da ya dace. Da ya yi ritaya sai wata ƙungiyar manoman doya ta naɗa shi magatakarda.

To, wasiƙun zamani ta imel suke zuwa, ba ta gidan waya ba. Akwatin ƙungiyar ya cika da tallace-tallace, har takardar wani ɗan kasuwa na Legas mai neman doya mota 2 ta nutse a ciki. Ba a gan ta ba sai bayan mako 3, ciniki ya wuce. Manoma ba su ce masa uffan ba, amma shirun nan ya hana shi barci.

Sai ya kai kukansa ga 'yarsa, wadda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983. Ta ce, "Baba, a zamaninku yaya kuke raba wasiƙu?" Ya ce, "Mukan duba wanda ya aiko, da kan maganar." Ta ce, "Ai shi ke nan, Baba, kun san rabin aikin."

Da fari ta nuna masa rariyar da ke cikin Gmail. Mutum ya kafa ƙa'ida: duk saƙon da ya fito daga wane, ko mai kalmar "doya" a kansa, a liƙa masa alama a ware shi. Wannan ba ya bukatar rubuta komai.

Bayan haka suka shiga Google Apps Script, wanda aka fito da shi a 2009, ana kuma rubuta shi da harshen JavaScript. Da 'yan layuka kaɗan suka umarci na'ura ta nemo wasiƙun masu saye da suka kwana 2 ba a buɗe ba, ta aiko masa jerinsu kowace safiya. Daga bisani suka ƙara mata aiki: ta riƙa shigar da sunan mai aikowa da kwanan wata a Google Sheets. Ga littafin rajista ya dawo.

Daɗi ya ɗebi dattijo, ya sa aka ƙara umarnin share duk saƙon da ya wuce wata 1. Na'ura kuwa ba ta san kunya ba, ba ta san tambaya ba. Ta kwashe har da rasit na takin zamani da manoma suka tara kuɗinsa. Allah Ya taimaka, kwandon sharar Gmail yakan riƙe saƙo kwana 30 kafin ya hallaka shi, suka tsamo su a kan lokaci.

Tun daga ranar ya kafa doka 3. Ba a sharewa, sai dai a kai ma'ajiya. Kowane sabon umarni a gwada shi a kan wasiƙu kaɗan tukuna. Ba a kuma ɗora rubutun da aka tsinta a intanet sai an fahimci kowane layi, domin mai izinin karanta akwati yana iya kwashe asirinsa.

Dattijon yakan ce masinjansa na da, in an aike shi aiken banza, sai ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya har a gane kuskure. Sabon ba ya tsayawa. Saboda haka tunanin da a da mutum 2 ke yi, yanzu ya rataya a wuyan akawu shi kaɗai.