Zaɓi Tsakanin Shuɗi da Ja: Wasan Kwamfuta da Dajin Birnin Gwari

Akwai wani saurayi, mutumin ƙasar Birnin Gwari, wanda karatu ya haɗa shi ɗaki ɗaya da wani ɗalibi mai kwamfuta. A wurinsa ya fara ganin irin wasannin nan da mai wasa kan shiga rigar tauraron labari, ya yi yaƙi a madadinsa, ya kuma yi magana da bakinsa. Yaƙin bai dame shi ba. Maganar ce ta tsaya masa a rai, domin duk sa'ad da tauraro ya gamu da wani, sai a jero amsoshi uku ko huɗu a kan allo, a ce mai wasa ya ɗauki ɗaya, labarin kuma ya bi inda amsar ta nufa.

Wannan dabara ta daɗe. Tun a 1985 wasan Ultima IV ya riƙa auna mai wasa da kyawawan halaye takwas, cikinsu har da gaskiya da tausayi. A Mass Effect, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a 2007, amsar lallashi launinta shuɗi ne, ta tsoratarwa kuwa ja, kowace kuma tana da makinta. Watau an kafa wa mutum mizani tun a duniya, yana faɗin magana yana ganin nauyinta. Saurayin nan ya yi ta danna shuɗi, aka yi ta yaba masa, har abin ya fara ba shi kunya. Ko da ya kuskure, sai abokin nasa ya nuna masa yadda ake komawa inda aka adana wasan, a sake zancen kamar ba a taɓa yi ba.

A nan ne ya ga tatsuniyoyinmu sun fi wannan wasa zurfi. Muna da irin waɗanda ba a warware su, sai dai a rufe da tambaya: kwalekwale ya kife da mutum da uwarsa da matarsa, guda kaɗai zai iya fid da, to wa zai ɗauka? Masanin nan na Amurka, William Bascom, ya tattara irinsu daga sassan Afirka ya buga a 1975. Mai tatsuniya ba ta da maki a hannunta. Takan bar yara su yi ta gardama har barci ya ɗauke su, gobe kuma a tashi ba a shirya ba.

Sai dai ba tatsuniya ce ta sa amsoshin allo suka dame shi ba. Ƙauyensu yana gefen dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mai da gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Dajin da aka keɓe domin giwaye da gwanki, 'yan bindiga suka mai da shi sansani. A daminar 2022 suka ɗauke wansa a gona. Dangi suka taru a zaure, aka zaɓi baffansu ya riƙa amsa waya, saboda shi ne mai sanyin baki.

Saurayin yana gefe duk lokacin da wayar ta yi ƙara, ya kuwa lura cewa amsoshin da ke gaban Baffa ba su fi na allon yawa ba. In ya ce ba su da kome, aka ji ihun ɗan'uwansu ta cikin waya. In ya nuna akwai hali, kuɗi ya hau. In ya yi shiru, aka ɗauka raini ne. Kafin ma a kai ga batun kuɗi, akwai matsalar kira: yaro ne da bai kai ɗan cikinsa ba, amma ba dama ya ce masa "kai yaro", ba ya kuma iya ce masa "ranka ya daɗe" a gaban iyalinsa. Daga baya ya tsaya a kan "ɗan'uwa", yana faɗi yana runtse ido. Mai nazarin harshe zai iya cika takarda da wannan kalma guda, yadda ta ɗauki roƙo da ƙarya da dabara a lokaci ɗaya. Ba ta shiga shuɗi ba, ba ta shiga ja ba.

Aka sayar da shanun huɗa biyu da sauran masarar bara, aka ci bashi. Bayan mako biyar wan nasa ya dawo, ƙafafu a kumbure. Da kaka ta yi aka kai hari wani ƙauye na gabas da su, aka kashe mutane. Ba wanda ya ce harsashin da kuɗinsu aka saya, ba kuma wanda ya iya rantsuwa cewa ba da shi ba ne. Baffa ya je gaisuwa, ya dawo bai ci tuwon dare ba.

Gaskiya dai, masu ƙera wasannin su ma sun gane raunin mizaninsu. A The Walking Dead na 2012 an sa wa amsa wa'adi na 'yan daƙiƙoƙi, shiru ma amsa ce. A The Witcher 3, na wani kamfanin Poland a 2015, sakamakon magana ba ya fitowa sai an yi nisa, sa'ad da komawa baya ta yi tsada. Wanda ya fi kusa da zauren Baffa shi ne This War of Mine na 2014, da aka gina kan ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. A can mai wasa farar hula ne mai jin yunwa, yana iya shiga gidan wasu tsofaffi ya kwashe abincinsu, mutanensa su ƙoshi, sa'an nan baƙin ciki ya kwantar da su. Saurayin ya kai ƙofar gidan tsofaffin nan, ya miƙa wa abokinsa kwamfutar. Amma duk da haka waɗannan wasanni mutum ɗaya suke ɗora wa zaɓi. A zaurensu kuwa, kafin Baffa ya furta kalma sai ta bi ta kan liman da mai unguwa da kukan uwa daga cikin gida, kuma bashin da aka ci na kowa ne.

Hukuma ma ta gamu da irin wannan mararraba. Gwamna Nasiru El-Rufa'i, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ya tsaya kan cewa ba sulhu, ba biyan fansa. A ƙarshen 2021 har aka katse layukan waya a yankin na wani lokaci. Magajinsa, Uba Sani, ya je Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, ya karɓi waɗanda aka ce sun tuba, ya buɗe karar shanu da ta yi shekaru a rufe. Kowace hanya tana da masu yabonta, kowace kuma akwai gidajen da ba a ambatonta da alheri.

Da saurayin ya je hutu bayan sulhun, ya raka wansa kara domin su taya ɗan maraƙi. Mutanen daji na nan sun kawo dabbobi. Wan nasa ya yi musu sallama, ya duba haƙoran maraƙin, ya yi tayi, aka ce albarka. Suka juyo ba su saya ba, har suka iso gida bai ce uffan ba.