Mafara, Bakura, Maradun: Wa Zai Ɗauki Hoton Masu Rai?

Jama'a, duk wanda na gaya wa zan je Talata Mafara sai ya riƙe baki ya ce, "Kai ko ka gaji da duniya?" Wani darakta abokina har cewa ya yi ko kyauta aka ba shi lokeshin a can ba ya so. Ni dai na rataya 'yar kamarata na hau mota a Gusau da hantsi, don direbobi sun ce hanyar nan ba a yi mata sammako, ba a kuma bari yamma ta yi.

Ranar Talata na dira, ranar kasuwar da garin ya ci sunanta. Ga shinkafa, ga albasa, ga rake, 'yan dako na ta ihun a ba su hanya. Wallahi ba ka ce nan ne a Satumbar 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya ba.

A bayan kasuwa na faɗa shagon wani matashi mai hoto. Bangonsa cike da hotunan biki, na Sallah, na saukar karatu, wasu har rana ta cinye su. Na ce, "Malam, masu su ba su zo karɓa ba ne?" Ya nuna min wani ango ya ce, "Wanga an kashe shi gona. Uwatai kan taho ta tsaya nan ta dube shi, ta wuce." To ka ji, mai karatu. Shi bai san sunan abin da yake yi ba, amma a Legas wannan shi ake kira baje kolin hotuna, har a yanka kyalle a sha lemo.

Abin da ya dame ni ke nan tun a mota. Hoton yankin nan da duniya ta sani ɗaya ne: 'yan mata 279 na makarantar Jangebe da aka sace ranar 26 ga Fabrairu, 2021, zaune cikin hijabai bayan an sako su. Daga nan sai ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, sai na makarantar Kaya ta Maradun a Satumba, duk a shekara guda. Gaskiya ne, ba a ɓoye shi. Amma shi ke nan abin da ke akwai?

Washegari na leƙa Bakura. Samarin da na tarar a majalisa sun fi ni sanin finafinan Kano, har suna yi min gyara. Da na ce ƙasarsu ce ta haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai wani ya ce ai na Maradun ne, gardama ta kaure. Duka suna da gaskiya: a nan aka haife shi, da Maradun ya yi suna. Sa'idu Faru ma ɗan ƙasar Maradun ne. Ka ji ƙasar da ta yi wa sarakuna kiɗa, yau ba a kiran sunanta sai a labarin rasuwa.

A Maradun na tsaya bakin dam ɗin Bakolori, wanda aka gama a 1978. Kai! Ruwa iya ganinka, masunta cikin kwale-kwale, rana na faɗuwa. In da mai kamarar Kano zai ga wurin nan, sai ya manta da lambunan da muka gaji da gani a waƙoƙi. Sai dai ruwan nan ma da jini a tarihinsa, don a Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu wuta.

Wasu sun nuna mana hanya. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara ɗora hotunan "Bits of Borno" a Instagram a 2015: 'yan makaranta, amare, 'yan kasuwa, mutane na dariya a tsakiyar yaƙi. A 2022 an baje kawunan yumɓu 108 na 'yan matan Chibok a Legas. Wannan kam na san malamanmu ba za su lamunta ba, hoto ya fi mana sauƙi. Ga kuma fim ɗin The Milkmaid na 2020, wanda Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi. Ƙorafina ɗaya: irin wannan baje koli can nesa ake yin sa, masu abin ba sa gani. In za a yi na Zamfara, a fara kafa shi a kasuwar Mafara ranar Talata, kafin a kai Abuja.

Amma fa ba wasa ba ne. A gonar shinkafa kusa da dam na roƙi wata dattijuwa in ɗauke ta. Ta ja mayafi ta ce, "Ɗana, mutanen daji suna da waya, suna da masu kai musu labari. In sun ga fuskata fa?" Jikina ya yi sanyi, na sauke kamara. Can sai ta miƙo hannuwanta biyu, duk taɓo, riƙe da dashen shinkafa, ta ce, "Ɗauki wanga." Na ɗauka sau uku. Direba na ta danna min hon, wai la'asar ta kusa.