Kaushin Ƙarfen 1945

Cikin masu tara tsofaffin bindigogin hannu na sojan Jamus, akwai waɗanda suka fi ɗokin na 1944 da 1945, alhali su ne mafi muni a ido. Walther P38 ta farkon yaƙi baƙa ce wuluk, sumul, tana sheƙi. Ta ƙarshen yaƙi kuwa, sawun inji na nan ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfen, ba wanda ya tsaya gogewa. Wasu na kamfanin Mauser ma toka-toka suke, don an koma yi musu rufin fosfet.

Babu sunan kamfani a jikinsu, sai haruffan sirri: "ac" na Walther a Zella-Mehlis, "byf" na Mauser a Oberndorf, "cyq" na Spreewerk. Mai tarawa yakan ƙura wa ɗan hatimin gaggafa ido, ya gwada lambar bututu da ta gangar jiki. A Afrilun 1945 sojojin Amurka suka shiga Zella-Mehlis, aka yi ta harhaɗa bindigogi daga ragowar sassa suna tafiya da su gida tsaraba, shi ya sa lambobin wasu ba sa haɗuwa.

Ban ga laifin mai adana su ba. Amma ni kaushin nan hannayen da suka yi aikin yake tuna mini. A masana'antar Mauser, da yawansu 'yan Poland ne da Tarayyar Sobiyet da aka kwaso ala tilas, suna fama da yunwa, suna ƙera wa sojan da ya mamaye garuruwansu makami.