Daren da hitar ɗakin Inna ta kusa ja mana gobara

Hunturu ya shigo, kuma duk mazaunin Jos ya san sanyin Disamba da Janairu. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, shi ya sa da asuba ruwan buta kan gagari hannu. Tun makon jiya masu shagunan kayan wuta suka fara jera hitar ɗaki a bakin ƙofa. Ganin haka muka ce bari mu ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu bara, ko wani zai amfana.

Mahaifiyarmu, Inna, ta haura shekara saba'in, kuma sanyi na tayar mata da ciwon gwiwa. Shekara da shekaru da kaskon gawayi take kwana. Muka hana ta, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana cikin barci. Da farko ta ƙi, ta ce da kasko ta raine mu duka. Da kyar muka shawo kanta, muka sayo mata hita mai fanka, wat 2,000.

Soket ɗin ɗakinta yana bayan wadrob. Maimakon mu matsar da wadrob ɗin, sai muka ɗauko wayar ekstenshan da muke cajin waya da ita, muka bi da ita ta ƙarƙashin kafet don kada Inna ta yi tuntuɓe. A ganinmu dabara muka yi.

A dare na huɗu aka ɗauke wuta bayan lisha. Kowa ya kwanta, babu wanda ya tuna cewa makunnin hitar a kunne yake. Wajen ƙarfe biyu na dare aka dawo da wuta, hita ta ci gaba da aiki ba mai kallo. 'Yarmu da ke kwana da Inna ce ta farka da warin ƙonanniyar roba, ta rugo tana buga mana ƙofa: "Baba, ɗakin Inna yana hayaƙi!" Muka kashe wutar gidan daga babban makunni, muka fito da Inna tsakar gida. Da muka ɗaga kafet, robar wayar ta narke, kafet ɗin ya yi baƙi, tazarar wurin da gefen katifa ba ta kai taku biyu ba.

Da safe muka kira mai gyaran wutarmu. Ya juya wayar a hannunsa ya ce, "Malam, hitar lafiyarta ƙalau, wayar nan ce kuka ɗora wa kayan da ba nata ba." Ya yi mana lissafi. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce. In ka raba wat 2,000 da 230, za ka ga hitar tana jan kusan amfiya 9 muddin tana aiki. Soket ɗin bango mai kyau an yi shi ya ɗauki amfiya 13, amma siririyar wayar ekstenshan mai araha ba ta jure wannan nauyi na sa'o'i, sai ta yi zafi. Mu kuma mun lulluɓe ta da kafet, zafin ya rasa mafita.

Tun daga ranar muka sauya yadda muke mu'amala da hita, ga kuma abin da muke ba 'yan uwa shawara a kai.

Wajen saye, a fara duba lambobin da ke jikinta. Dole a ga 220 zuwa 240 bolt. Hitar gwanjo da ta fito daga Amurka ta bolt 120 ce, in aka jona ta a soket ɗinmu ƙonewa za ta yi. A nemi mai kashe kanta in ta faɗi ko in ta yi zafi fiye da kima, kuma a sa mai shago ya kunna ta ya karkata ta a gabanka ka ga ta mutu. A nemi mai maɓallin daidaita zafi, wadda ke tsayawa da kanta in ɗaki ya ɗumama. Filoginta ya zama mai ƙafa uku mai fiyus. In fiyus ya ƙone a sayi sabo, kada a cusa silin waya a gurbinsa.

Iri uku muka fi gani a kasuwa. Mai fanka tana ɗumama ƙaramin ɗaki da sauri, sai dai tana ƙara, kuma ƙurar hunturu na toshe mata kafofin iska, don haka tana son shara. Mai sanduna da ke yin ja tana ɗumama wanda ke gabanta ne kawai, kuma ita ce ta fi saurin ƙona tufa ko hannun yaro. Mai kama da lagireto, wadda aka rufe mai a cikinta, tana jinkirin ɗaukar zafi amma ba ta da jan ƙarfe a fili. Ita muka koma saya wa Inna, duk da ta fi tsada.

Wajen ajiyewa, a ƙasa ake sa ta, wuri mai laushi ba ya yi, haka ma kan kujera ko tebur. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da katifa, labule, gidan sauro da tulin kaya. Kada a shanya rigar makarantar yara a kanta, kada a shiga da ita banɗaki. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ita kaɗai. Bayan rabin awa a taɓa filogin, in ya yi zafi sosai a kashe, a kira mai gyara. Mu dai mun sa an kafa sabon soket a fili a ɗakin Inna.

Dokar da muka fi riƙewa ita ce, da zarar an ɗauke wuta, a zare hita daga soket. Haka in za a fita, haka in za a kwanta. Yanzu awa ɗaya ko biyu muke kunna wa Inna kafin barci da ƙofa a rufe, sannan mu zare, mu ƙara mata bargo da safa. Da asuba mu sake kunnawa.

Wannan ya taimaki aljihunmu ma. Hita mai wat 2,000 tana cin yunit 2 a awa ɗaya. In ta kwana tana aiki awa takwas ba tsayawa, yunit 16 ke nan a dare guda, masu mitar kati sun san abin da hakan ke nufi. Ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba kuwa ba zai ɗauke ta ba, kada ma a gwada.

In kuma tsautsayi ya auku, kada a watsa ruwa a wutar lantarki. A kashe babban makunni, a fitar da mutane, a kira lambar gaggawa 112. Ya kamata duk babba a gida, har da matanmu da manyan yara, ya san inda makunnin yake ko cikin duhu.

Muna roƙon duk wanda ke da tsoho ko jariri a gida ya leƙa ɗakinsu yau, ya ga inda wayar hita ta bi da abin da ke kusa da ita. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya sa mu ga ƙarshen sanyin nan lafiya.