Abin Da Tsohon Gidan Shari'a Na Hilsboro Ya Koya Mini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana wani abin da na gani, wanda ya tsaya mini a rai.

Sa'ad da na je Amurka karatu, an kai ni garin Hilsboro a jihar Tekzas. A tsakar garin akwai gidan shari'a na gundumarsu, ginin farin dutse ne na 1890, da hasumiya mai agogo. Ran 1 ga Janairu 1993 gobara ta tashi daga wayar lantarki, ta cinye rufi da katakon ciki, hasumiya ta rufta, bangaye kaɗai suka rage tsaye.

To, bangon da ya rasa rufi da bene ba shi da abin da ke riƙe da shi, iska da ruwa kuwa ba su jiran kowa. Don haka magina kan fara da tokare bango, su rufe samansa kada ruwa ya shiga, su cike tsaga, sa'an nan a zo ga ado. Mutanen gundumar ba su yarda a rushe ba. Har mawaƙin nan Willie Nelson, ɗan ƙasarsu, ya yi wasa don a tara kuɗi. A 1999 aiki ya ƙare. A shekaran nan kuma hukumar Tekzas, mai gundumomi 254, ta kafa shirin taimakon gyaran irin waɗannan gidaje.

Da na tsaya gabansa sai kunya ta kama ni. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, muhutin alƙali ne a garinmu, cikin wani soro mai daurin guga. Bayan rasuwarsa indararo guda ya karye. Kullum ina wucewa ina gani, ina cewa ba ruwana. Damina uku kawai, soron ya zube bisa littattafan gado da na gonaki waɗanda ya rubuta da hannunsa. Indararon nan da yaɓe kaɗan da sun isa.

Ya ku akawuna da malamai, rigakafi ya fi magani. Kafin ruwa ya sauka, kowa ya dubi tsohon ɗakin shari'ar garinsu. In ya ga tsaga ko yoyo, ya rubuta wa hakimi, kada ya yi shiru irin nawa. Haƙƙin marayu na ajiye a ciki.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta