Ba Duk Mai Farin Kaya Ba Ne Nas

Mu da muka baro gida muka zo neman abinci Abuja, ba abin da ke tuna mana baƙunci kamar rashin lafiya. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, in aka ba mutum gado a asibiti, kafin la'asar gwaggo ta iso da tabarma da fulas, inna ta dama kunu, ƙanne sun raba kwana a tsakaninsu. A nan Apo kuwa, daga masu sayar da kayan mota a Apo Makanik, da masu gadi, da 'yan ga-ruwa, da masu shayi, har direbobin da ke aiki a gidajen 'yan majalisa, da yawanmu iyali suna can gida. Wanda ma ya ɗauko iyalin, matarsa ita kaɗai ce, ga yara ƙanana. Shi ya sa zaman jinya kan faɗo a kan wanda bai taɓa yi ba: abokin ɗaki, ɗan garinku, ko maƙwabciyar da kuke ɗiban ruwa tare. Haka muka sha kwana a barandar asibitin Asokoro ko na Garki, wani lokaci har Gwagwalada in can aka tura mu, muna kallon ma'aikatan jinya suna shiga suna fita.

Abin da aka fi faɗa a majalisa shi ne wai likita ne mai aiki, nas kuwa 'yar aikensa ce: allura, ƙarin ruwa, sai faɗa. Duk wanda ya yi sati guda a gefen gadon mara lafiya ya san zancen ba haka yake ba. Likita zai zagayo da safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Sauran yinin da daren duka, majinyaci a hannun nas yake, kuma tushen aikinta shi ne lura.

Wannan takardar da muke gani tana ta cikewa ba aikin ofis ba ne. Zafin jikin lafiyayyen mutum yana wajen digiri 37, in ya kai 38 zazzaɓi ne. Zuciyar babba tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, yana numfashi sau 12 zuwa 20. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, sai an jera ta da ta ɗazu da ta jiya. Matar da ta haihu ko wanda aka yi wa tiyata, in bugun zuciyarsa yana ta hawa, awon jininsa kuma yana sauka, mai yiwuwa jini ne ke zuba a ciki, alhali shi yana kwance shiru kamar mai barci. Ƙarfe biyun dare wa zai gano wannan? Sai wadda ta auna ƙarfe goma, ta sake aunawa sha biyu. Mai ciki da awon jininta ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, ga kumburin fuska, jijjiga ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, kuma a wurin awo ungozoma ke tare ta tun kafin ta shigo. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar da ke tari yana numfashi sau 40 ko fiye a minti, ciwon ya sauka huhu. Wannan ƙirgen ko uwa ma tana iya yi da agogon waya, in dai yaron ba kuka yake ba.

Haka nan in nas ta sake tambayar sunan majinyaci kafin ta ba shi magani, ba mantuwa ba ce. An koya mata ta tabbatar da mutumin, da maganin, da yawansa, da hanyar da zai shiga jiki, da lokacinsa, kowane bayarwa. A ɗakin da ake da Musa uku da Ibrahim huɗu, ai kowa ya ga dalili.

Akwai kuma aikin da ba wanda ke yabawa. Shekarun baya wani dattijo mai gadi a layinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka sallamo shi daga asibiti, aka kwantar da shi a ɗan ɗakinsa kafin danginsa su zo daga gida. Samari suka yi ta hidima, abinci ba ya yankewa, 'yan dubiya ba sa yankewa. Wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin jinya ta zo gaishe shi, ba ta ko zauna ba ta ce, "Ku samari, ku kama min Baba mu juya shi." Da aka juya shi sai ga fatar ƙugunsa ta yi duhu ta fara saluɓewa. Ta ce, "'Ya'yana, ba ciwon ne zai fara kashe shi ba, wannan ne." Ta nuna mana yadda nauyin jiki ke danne fata a kan ƙashi har jini ya daina kai wa wurin, a ƙugu, da diddige, da kafaɗa, da ƙeya. Ta ce a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, kada a bar shi cikin jiƙaƙƙen zane, kuma kada a ɗura masa kunu yana kwance, sai an tayar da shi zaune, don kada ya sarƙe abin ya tafi huhu. Aka rubuta sunaye a bayan kwali aka raba awoyi. Da ƙanensa ya zo ɗaukarsa bayan sati uku, gyambon ya kame. Ba allura ko ɗaya a cikin wannan, amma shi ne ainihin jinya.

Sana'ar ta daɗe. A littattafan tarihin Musulunci akwai Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta Manzon Allah (SAW) ya ce a ajiye shi don ya riƙa duba shi daga kusa. Masu cewa aikin nas baƙon abu ne da Bature ya kawo, ya kamata su tsaya a nan tukuna.

Abin da Turawa suka kawo shi ne makaranta da tsari. A watan Nuwamba 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, Florence Nightingale ta isa asibitin sojan Ingila da ke Sukutari, a Istanbul ta yau, tare da mata 38. Hoton da aka fi sani nata shi ne tana zagaya gadaje da fitila cikin dare, amma abin da ta tarar shi ne sojojin da kwalara da atuni da zazzaɓi ke kashewa sun fi waɗanda harsashi ya kashe yawa nesa ba kusa ba. Ta sa aka kama wanki da shara da gyaran abinci, kuma mace-macen ba su ragu sosai ba sai da aka turo kwamitin tsafta a 1855 ya yashe magudanan ƙazanta, ya buɗe wa ɗakuna hanyar iska. Ita mace ce mai son lissafi. Da ta koma gida, da alƙaluma ta ƙure gwamnati, ba da kuka ba. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas a Landan, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Wani abin da ya shafe mu: ɗan littafin da ta fitar a 1859 ba don ma'aikatan asibiti ta rubuta shi ba, don matan da ke jinyar nasu a gida ne, wato irinmu.

A waccan makarantar ta St Thomas ne wata 'yar Legas, Kofoworola Abeni Pratt, ta yi karatu ta gama a 1950. Ta dawo gida a 1954 ta kama aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, a 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe muƙamin metiron a can, daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa baki ɗaya. Tun 1930 aka kafa hukumar ungozoma, ta jinya kuma a 1947, aka haɗe su wuri ɗaya a 1979. Wannan hukuma ce ke shirya jarrabawa, ita ke ba da lasisi, ita ke ƙwace shi.

An kuma biya sana'ar da rayuka, a nan ƙasar. Zazzaɓin Lassa da muke jin sanarwarsa duk rani, a jikin ma'aikatan jinya aka fara gane shi. A farkon 1969 wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Ta ukun, Penny Pinneo, aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta sha da ƙyar. A 2014, da Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola, kowa ya san sunan Dokta Stella Adadevoh, amma tare da ita akwai nas Justina Ejelonu, wadda ba ta daɗe da kama aiki a asibitin ba, ita ma cutar ta tafi da ita. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu. To in nas ta tsaya sa safar hannu, ko ta ce 'yan dubiya su ragu, ko ta hana mu zama a kan gadon majinyaci, ba ƙyama ba ce ko girman kai.

Yanzu bari mu dawo unguwa. A lungunanmu, daga Apo Dutse zuwa Waru, duk wanda ya rataya farar riga a shagon magani sunansa "Dokta", duk yarinyar da ta yi wata shida tana riƙe kwano a wani asibitin kuɗi sunanta "Nas". Ba mu raina masu kemis ba, su ne kusa, su ke ba da bashi, su ke buɗewa cikin dare. Amma lasisinsu na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba su izinin yin allura ko ɗaura ruwa ba. Allurar ɗuwawu da ake gani kamar wasa, akwai babbar jijiya da ta sauko daga ƙugu ta bi ta nan zuwa ƙafa. Wadda ta yi makaranta ta san raba wurin gida huɗu za ta yi, ta soka a na sama ta waje, jariri kuma a cinya. Wanda ya koya da ido, in ya taɓa jijiyar, yaro na iya tashi yana jan ƙafa har tsufansa. Ƙarin ruwa kuwa, da wasunmu ke nema da kansu wai don su ji ƙarfi, ledar rabin lita mai sukari giram 25 ne a cikinta, bai kai na kwalbar lemo ɗaya ba. Yana ceton ran wanda gudawa da amai suka tsotse, amma mai ciwon zuciya ko ƙoda, in aka sakar masa shi ba lissafi, ruwan a huhu zai taru. Tambayar mutum ina ya yi karatu, ko yana da lasisin hukuma, ba cin fuska ba ne. Mai lasisin gaske ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ba za mu ce duk masu lasisin mala'iku ba ne. Matanmu suna da labaran ɗakin haihuwa da ba su da daɗin ji, na tsawa da baƙar magana ga mace tana kan gwiwa, kuma babu gajiyar da ta halatta wannan. Mutunta majinyaci, da rufe masa jiki, da riƙe sirrinsa, suna cikin abin da ake koyarwa tun ajin farko. Sai dai mu san cewa hannun ya yi kaɗan. A watan Fabrairu 2024 magatakardan hukumar, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Da hukumar ta ce sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun fita, nas-nas suka yi zanga-zanga a ofishinta nan Abuja. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, wadda ta rage a ɗaki cikin dare tana ɗauke da aikin waɗanda suka tafi Ingila da Saudiyya.

Ga kuma abin da ya fi damunmu. Magidanci zai kai matarsa haihuwa ya kafe sai mace ce za ta duba ta, kuma da ma a samu mai jin Hausa, domin matar ba ta jin Turanci, ba ta jin buroka, shi kuma ba za a bar shi ya shiga ya yi tafinta ba. Buƙatarsa daidai ce. Amma in aka ce 'yarsa ta karanci jinya, sai ya ce aikin dare, sai ya ce kayan aiki, sai ya ce wa zai aure ta. To 'yar wa za ta duba matar tasa? A asibitocin Kano da Katsina da Zariya, mata musulmi suna wannan aiki da hijabinsu, da aurensu, da 'ya'yansu. Maza ma ba a rufe musu ƙofa ba, Arewa ta daɗe da nas-nas maza.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ana neman kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Akwai kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Babban Birnin Tarayya a Gwagwalada, wadda kuma ta fi son jami'a za ta yi shekara biyar ta fito da digiri. Matsalar ita ce waɗannan darussa uku na kimiyya ba a tsintar su a ajin ƙarshe. Tun shiga SS1 ake raba yara, 'yan kimiyya daban, sauran daban, kuma sau da yawa yarinya kan bi ƙawarta ne kawai ba tare da wani a gida ya sani ba. Duk mai 'ya ko ɗa da zai gama JSS3 bana, ranar rabon aji ya rufe shago na awa ɗaya ya je makarantar da kansa.